Baba Yatsa da Ruwan Ƙanƙara

A kamfanin jimar fata da ke bayan tashar kaya, babu wanda ya san shi da wani suna sai Yatsa. Da furfura ta fito masa aka ƙara Baba a gaba don ladabi, shi ke nan. Sunan kuma ba tsokana ba ce zalla. Babban yatsansa na dama shi ne kayan aikinsa, da shi ya ci, da shi ya ciyar, har ranar da aka sallame shi da agogon bango da tafi.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai taɓa shiga irin wurin ba, kuma bai yi asarar komai ba. Idan an cire wa fata gashi, takan fito a kumbure, da tauri, ba ta lanƙwasuwa. Sai a zuba ta a wata ƙatuwar gangar katako mai juyawa, a sa ruwa mai ɗumi, a barbaɗa wani gari da ma'aikata suke kira garin laushi. Daga kayan cikin shanu ake yin garin, daga sashen da yake narkar wa saniya da abinci. Aikinsa shi ne ya cinye abin da ya cushe tsakanin zaren fata don ta saki jiki. Amma garin ba shi da hankali, bai san inda ake tsayawa ba. In aka bar shi ya wuce ƙa'ida sai ya koma cin zaren, fatar ta yi lagwab, kana ja tana yagewa. Don haka dole a sami mai cewa ya isa, kuma Yatsa ne mai cewa ya isa.

Zai tsayar da ganga, ya buɗe murfi, ya zura hannu har kafaɗa ya jawo fata ɗaya ya danna mata yatsa. In shatin ya tashi nan take, da saura. In ya zauna, sai ya ƙunshe iska a gefen fatar ya matse, idan ta fito ta ramukan gashi tana kumfa, to an zo wurin. A nan zai ɗaga murya, shi da ba ya ɗaga murya a ko'ina, ya ce, "A sako sanyi!" Sai a kwararo ruwan sanyi, a bi da gishiri da ruwan tsami. Garin laushi ɗumi yake so, ɗumi daidai na jikin mutum. Da ya ji sanyi da tsami sai ya kwanta. Wannan shi ne ilmin Yatsa kaf, kuma a cikin ganga bai taɓa ba shi kunya ba.

Abin da aikin ya karɓa a wurinsa kuwa shi ne kusantar mutane. Warin majema ba irin wanda wanka ɗaya yake fitarwa ba ne. Yakan shiga gashi, ya shiga ƙarƙashin farce, ya biyo zufa. Abin takaicin, hancin Yatsa ya mutu tun a shekarun farko, shi bai ƙara jin komai ba. A fuskar mutane yake gane yadda yake. A motar haya, ko ta cika maƙil ana rataye, kujerar da ke kusa da tasa takan jima babu kowa. A shagon shayi mai shago yakan miƙo masa kofi da tsawon hannu, yana ta yabon iskar waje.

Matarsa mace ce mai tsari, ba mai wulaƙanci ba. Ita ta kafa ƙusa a bangon waje don kayan aikinsa, ta ware masa bokiti da soso da sabulu. Ba ta taɓa toshe hanci a gabansa ba. Sai dai ta iya buɗe taga cikin dabara, ka ce iska kawai take so. Shi ma ya san ba iska take so ba, bai taɓa faɗa ba, kuma ya gode mata a ransa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Tun tana tatata, da ta ji motsinsa a bakin ƙofa sai ta sheƙo da gudu, hannu a buɗe. Shi kuma sai ya ja da baya ya ce, "Tsaya can, ban yi wanka ba." Kafin ya gama dirzar jiki ya fito, yarinya ta manta da shi, ta koma wasanta. Yara ba sa ajiye murna ta jira mutum. Wata rana kuma, tana firamare, ya jiyo ta daga makewayi tana gaya wa uwarta cewa 'yan ajinsu suna kiranta 'yar mai wari. Ba kuka take yi ba, labari kawai take bayarwa tana cin gyaɗa. Amma daga ranar, in ya raka ta makaranta, a tsallaken titi yake tsayawa har ta shige. Ranar da ta gama kwalejin malamai ma a can baya ya tsaya, kusa da masu gadi. Ya ga kanta da hular kammala karatu, ya tafa, ya riga kowa fita.

Tun daga lokacin yake ce mata Malama, da farko don tsokana, daga baya ya zama suna. Ta yi aure, ta koma wancan gefen gari da mijinta mai sayar da kayan gyaran mota. Ba a jima ba matarsa ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Yatsa ya saki gidan ya kama ɗaki ɗaya a bayan wani shagon kayan masarufi. Gado, kujera ɗaya, risho, rediyo, da agogon nan na sallama da ya zo daga baya. Kujera ɗaya ta ishe shi, don ba mai zuwa. Malama takan leƙo in an yi hutu, ta zauna a kujerar, shi ya zauna a can ƙarshen gado, su yi hirar tsadar rayuwa da taurin kan yaran yanzu. Hannun da yake taɓa jikinsa a duniya ɗaya ne, na mai aski. Shi ya sa yake zuwa aski tun gashi bai taru ba, mai askin yana ta yi masa tsiya wai ko bazawara ya samo.

Da ya ajiye aiki, warin bai tafi rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa, shi kuma ba shi da hancin da zai sani. Wata mata ce ta sanar da shi, ba tare da ta san ta yi ba. A motar haya ne, da rana tsaka. Ta shigo da ƙatuwar leda, a gajiye liƙis, ta zauna kusa da shi alhali ga wasu kujeru. Mota ba ta yi nisa ba barci ya kwashe ta, kanta ya karkato ya sauka a kafaɗarsa. Yatsa ya ƙame. Ko numfashin kirki ya kasa yi don kada ya tashe ta. Yana gani aka wuce inda zai sauka, bai ce uffan ba, har ƙarshen hanya. Matar ta farka ta ce, "Yi haƙuri Baba," ta sauka abinta. Shi kuwa da ƙafa ya dawo, yana tafe yana murmushi shi kaɗai, mutane suna kallonsa.

A cikin wannan shekarar Malama ta kawo maganar ɗaki.

"Baba, ɗakin nan na baya da maigidan yake tara tarkacensa, mun kwashe. Za a yi fenti, a sa taga. Ka dawo wurinmu."

"Ni da na saba da zamana? Zan takura muku."

"Ka takura mana ɗin. Yara ma sun ce kakan kowa yana gida, nasu yana bayan shago kamar buhun shinkafa."

Ya yi 'yar dariya, ya ce zai duba. Dubawar me? Tana fita ya shiga shago ya sayi sabon silifas da tawul, ya ajiye su a cikin ledarsu a ƙarƙashin gado. Bai taɓa son wani abu a rayuwarsa kamar yadda ya so ɗakin nan ba. Yakan kwanta yana ƙiyasta shi, ta ina ƙofa take, ko ana jiyo hayaniyar yara daga ciki. Yana so a dame shi. Yana so wani ya faɗo masa ɗaki babu sallama, ya haye masa gado da ƙafa mai datti.

Ana cikin fenti ne ya ga jini a fitsarinsa. Babu zafi, babu ciwo, ja kawai. Ya yi biris kwana biyu, ya ce ko rana ce. Da abin ya ƙi tsayawa ya tafi babban asibiti shi kaɗai, don ya saba yin komai shi kaɗai. Aka yi hoto, aka zura wata 'yar na'ura aka leƙa, aka sa masa rana aka kankare abin da aka gani a mafitsararsa aka kai ɗakin gwaji. Malama ya ce mata ya je gaisuwar wani tsohon abokin aiki. Ƙarya ba ta yi masa kyau, amma da yake bai saba yi ba, ba wanda ya zarge shi.

Likitar da ta ba shi sakamako mace ce mai gilashi rataye da igiya a wuya, mai magana a hankali. Ta tambaye shi aikin da ya yi, ya ce jima. Ta ce rini fa, ya ce ɗakin rini yana jikin nasu, yakan taya su in aiki ya yi yawa. Ta ce taba, ya ce ya sha da ƙuruciya, wai tana kashe wari. Ta gyaɗa kai, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Ta jawo farar takarda ta zana masa.

"Baba, ciwon daji ne. Bangon mafitsara hawa-hawa ne. A ciki akwai shimfiɗa mai laushi, a ƙarƙashinta wani siririn zare a saƙe, sannan tsoka. A shimfiɗar ƙarin ya tsiro. Da a nan zai zauna, da kankarewar da muka yi ta isa. Amma irin wannan yana fitar da wani sinadari mai narkar da zaren, yana ci yana buɗa wa kansa hanya. Jiki ma yana da irin sinadarin, da shi yake gyara rauni, kuma yana da abin da yake taka masa birki. A wurin ƙarin, birkin ne ya gaza."

Yatsa ya ƙura wa zanen ido. Ya ji wani abu mai kama da ganin tsohon sani a baƙuwar ƙasa.

"Garin laushi," in ji shi.

"Na'am?"

Ya yi mata bayanin ganga a taƙaice, da yadda garin yake komawa cin zare in an bar shi. Ta saurara sosai, ta ce, "To, kusan haka ne, Baba." Kusan ta ce. Shi kuwa bai ji kusan ba, haka ne kawai ya ji.

"Me yake tsayar da shi, Likita?"

"Masu bincike suna ta nema. An gwada magunguna don tsayar da sinadarin, ba su ba da abin da ake so ba tukuna. Abin da yake hannunmu shi ne mu fara ba ka magani ta jijiya, sannan mu cire mafitsarar gaba ɗaya tun bai ɓulla ta baya ba. Naka ya shiga tsoka, amma hoto bai nuna ya fita ba. Ka zo a kan kari, kada mu yi wasa da wannan sa'ar."

"In an cire, fitsarin fa?"

Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wata jakar roba mai faɗin tafin hannu, ta nuna masa inda za a yi 'yar ƙofa a gefen ciki, da yadda jakar take mannewa a wurin, a ƙarƙashin riga. Ya karɓa ya jujjuya ta. Tambaya ɗaya ce a bakinsa.

"Tana wari?"

"Idan ana zubarwa ana canzawa yadda ya kamata, ba ta yi. Ba zan ɓoye maka ba, da farko takan ɗan yi yoyo kafin hannu ya saba. Amma mutane da yawa suna yawo da ita, kana zama kusa da su ba ka sani ba. Ka dawo da wani naka mu tsara komai."

Likitar gaskiya ta faɗa, kuma ta faɗa da kyau. Sai dai ba ta san wa take gaya wa ba. Mutumin da hancinsa ya mutu, ta yaya zai san jaka ta yi yoyo? A fuskar jikokinsa zai gani. Zai ga Malama ta tashi ta buɗe sabuwar tagar nan cikin dabara. A hanyar gida ya ji tsoro irin wanda bai ji ba da aka ce masa daji. Mutuwa ya san kowa zai yi. Amma a sake barin kujera babu kowa kusa da shi, a gidan 'yarsa, wannan ya ce ba zai iya ba.

Ya zauna a bakin gado har rana ta yi sanyi, yana murza babban yatsansa. A nan dabarar ta zo masa, irin dabarar da ba za ta zo wa direba ko tela ba. Gari mai cin zare, a wuri mai ɗumin jikin mutum. Ai shekara da shekaru yana tsayar da shi da kalma uku. Likitoci sun yi karatu, bai raina su ba, amma ba su taɓa tsayawa a bakin ganga ba. Ya tashi ya zagaya shago ya ce a ba shi ƙanƙara.

Daga ranar ya kafa wa kansa ƙa'ida, kuma Yatsa in ya kafa ƙa'ida ba ya tsallakewa. Da safe ruwan ƙanƙara kofi bayan kofi har haƙoransa su ɗauki tsami. Sannan lemon tsami da gishiri a ruwa, ya runtse ido ya shanye. Sannan ya naɗe dunƙulen ƙanƙara a tsohon tawul ya ɗora a mararsa, ya kwanta rigingine yana kallon rufi, ruwa yana ɗiga a katifa. Shayi ma ya daina. Mai shagon kayan masarufin, wani mutum mai ƙiba da yawan surutu, ya ce, "Baba, kifi ka fara sayarwa a ɗakin nan ba mu sani ba?" Ya ce zafi ne yake damunsa. Mai shago ya dubi hadarin da ya haɗo, ya dubi tsohon da ke sanye da rigar sanyi, ya ba shi ƙanƙararsa.

Sai jinin ya tsaya. Wannan shi ne mugun abin. Fitsari ya dawo fari tas. Yatsa ya tsaya a makewayi yana kallo, ƙirjinsa ya cika da wani alfahari da rabonsa da shi tun yana aiki. Bai san haka ciwon yake ba, jinin yakan zo ya ɗauke don kansa, abin da ke ciki kuma yana nan yana aikinsa. Bai kuma tsaya ya yi tunanin cewa mutum ba ganga ba ne. Ruwan da ya sha, kafin ya kai ko'ina jiki ya ɗumama shi. Ƙanƙarar da ya ɗora, fatar cikinsa kawai take gasawa da sanyi. Jiki mai rai ba ya yarda a sanyaya shi, duk abin da ka zuba sai ya mai da shi ɗuminsa. Tsoho mai hankali, mai lura, wanda bai taɓa lalata fata ko ɗaya ba, ya zauna yana yi wa kansa wannan wauta da dukan natsuwarsa. Abin haushi ne, abin tausayi ne kuma.

Ranar komawarsa asibiti ta zo ta wuce. An kira wayarsa daga can, ya duba lambar ya kife ta a kan gado. Malama ma ta kira.

"Baba, fenti ya bushe, an sa labule. Yaushe za a zo a kwashe ka?"

"Ki ɗan ƙara mini lokaci, Malama. Akwai abin da nake ƙarasawa."

"Wane abu? Kai da ba ka da ko kaza?"

"Ke dai ki bari."

A gidanta ba zai iya kwanciya da ƙanƙara a ciki ba tare da an tambaye shi dalili ba. Don haka saboda ɗakin ya ƙi zuwa ɗakin. Yana so ya shiga gidan a wanke, lafiya lau, ba jaka ba labari. Ya riƙa ɗaga mata rana, wata yana bin wata. In ta ce za ta leƙo sai ya ce ba ya nan. Har aski ya rage zuwa, don mai askin ya fara cewa wuyansa ya yi tsawo. Watannin nan su ne mafi kaɗaici a rayuwarsa, shi da ya san kaɗaici ciki da waje. Daga shi sai rediyo, sai ƙarar injin sanyin shago ta bayan bango.

Sannan baya ya fara ciwo, can ƙasa, ciwon da ba ya jin kwanciya ba ya jin zama. Wando ya fara zamewa. Jinin ya dawo, wannan karon da gudaji. Yatsa ya yi abin da ya sani, ya ƙara sanyi.

Mai shagon ne ya tona shi, Allah ya saka wa surutunsa. Ya ga tsohon yana dafa bango kafin ya kai ƙofa, ya nemo lambar Malama ya ce mata, "Ni dai ban san me yake faruwa ba, amma babanki ya fi masu sayar da lemo sayen ƙanƙara, kuma ya zama rabinsa." Washegari da hantsi ta bar aji ta taho. Ta tura ƙofa ba sallama. Ta same shi kwance yana karkarwa, leɓe ya yi fari, riga a ɗage, jiƙaƙƙen tawul a ciki. A gefen gado ga bokitin fitsarin da bai samu ƙarfin zubarwa ba. Ta leƙa bokitin. Ba ta yi ihu ba, ba ta tambayi komai ba. Ta cire tawul ɗin ta wurga waje, ta sa masa takalmi da hannunta, ta kira mijinta ya kawo mota.

Aka sake hoto, aka sake gwaji, aka sa musu rana. Likita mai gilashi ta daɗe tana duba hotunan. Ta tambaye shi me ya hana shi dawowa, ya gaya mata maganar sanyi da gishiri da tsami, tiryan-tiryan, kamar mai ba da rahoton aiki. Ta cire gilashin ta murza idonta. Ba ta yi masa faɗa ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi.

"Baba, ya ɓulla. Ya fita daga mafitsara, ya taɓa ƙashin baya, shi ne ciwon da kake ji. Tiyatar da na ce, yanzu ba za ta raba ka da shi ba. Za mu ba ka magani ya rage masa gudu, mu kashe maka zafin. Wannan za mu iya, kuma za mu yi."

"Ba jakar ke nan?"

"Ba jakar."

Na ɗan lokaci kaɗan, kunya ce a faɗa amma gaskiya ce, ya ji daɗi. Sai kuma ya gane. Ai ba sai an yi masa bayani ba. Ya san fatar da ta wuce ƙa'ida, ko tekun sanyi aka zuba mata ba ta komawa.

Suka fito suka zauna a benci a farfajiyar asibitin, mutane suna ta wucewa da kwanukan abinci da filasai. Malama tana riƙe da takardar magani, tana kallon ƙasa.

"Wace jaka ce?"

Ya gaya mata. Ya nuna mata wurin a gefen cikinsa, ya kwatanta faɗinta da tafin hannu.

"Kuma da an yi tun lokacin, da an cire shi?"

"Haka ta ce. Wataƙila."

"To me ya hana ka?"

Ya murza yatsa, ya dubi wata bishiya da ke bakin ƙofa.

"Ta ce takan yi yoyo. Ni kuma ba na ji, Malama. Hancina ba ya ji. Sai in zauna a tsakiyar 'ya'yanki ina wari ban sani ba."

Ta juyo ta dube shi. Bai taɓa ganin irin wannan ɓacin rai a fuskarta ba.

"Wari? Saboda wari, Baba?"

"Kin sha wahalarsa kina yarinya. Na ji abin da suke ce miki."

"Eh, ka yi wari. Gaskiya ne, ka yi, har bakin titi ana jinka. Sai me? Uban wata giya yake yi, uban wata duka yake yi, nawa wari yake yi ya kawo abinci. Ni na ce maka na gaji? Ka taɓa tambayata? Na wanke kashin yara, na wanke amai, na yi jinyar uwar mijina har ta cika. Jakar fitsari ce za ta gagare ni? Ka zaci ɗakin nan don ka daina wari na gyara shi? Tun Mama tana da rai nake roƙon maigidan ya kwashe tarkacensa."

"Yi haƙuri."

"Ba zan yi ba." Ta share ido da bakin mayafi, da ƙarfi, kamar idon ne ya yi mata laifi. "Da ka bar ni, da shekara da shekaru zan yi ina zubar maka da jakar nan, ina tsaki, ina mita, ina ce maka ka cika shan ruwa. Su nake so, shekarun. Nawa ne, Baba, ba naka kaɗai ba. Ka ɗauka ka ba ƙanƙara."



Ta tashi ta nufi wurin karɓar magani da sauri, kafaɗunta suna girgiza. Ya dafa benci ya miƙe da ƙyar ya bi bayanta, yana jan ƙafa saboda bayan. Da ta kai kwanar baranda sai ta tsaya. Ba ta juyo ba, ba ta kuma wuce ba, har ya iso.